Shagon Buga Takardu a Agege da Komawarsa Linux Bayan Faɗuwa Biyu

## Shagon da kayan aikinsa

Shagon yana Agege, ba nisa da layin dogo, cikin unguwar da Hausawa suke zaune tun kaka da kakanni. Ɗaki biyu ne. A na gaba ake buga takardu da fotokofi da hoton fasfo, a na ciki kuma ake koya wa yara kwamfuta da yamma da ranar Asabar. Masu zuwa sanannu ne: dillalan shanu daga Abbatuwar Oko-Oba da takardun yarjejeniya, 'yan goro da lissafin bashi, malaman Islamiyya da tambayoyin jarrabawa cikin Larabci da Hausa, samari masu neman aikin gadi ko tuƙi, sai masu biki da katin gayyata.

Ma'aikata uku ne ban da mai shagon. Akwai wani dattijo da kowa ke kira Malam, wanda ya fara aikin tun zamanin tafireta, shi ke buga Larabci da Hausa. Akwai wata budurwa mai zanen kati da kalanda. Sai ɗan ƙanwar mai shagon, ɗalibin kwalejin fasaha, wanda ke koyar da yaran, kuma shi ake kira idan inji ya ƙi tashi.

Kwamfutocin guda bakwai ne, duk na hannu, an tsinto su ɗaya bayan ɗaya a Computer Village da ke Ikeja. Biyar daga ciki Core i3 da Core i5 ne na ƙarni na uku da na huɗu, ƙirar 2012 zuwa 2014, kowace da ram (ƙwaƙwalwar aiki) GB 4 da tsohon faifan ajiya mai juyawa. Ɗaya tsohuwa ce tukuf, Core 2 Duo mai ram GB 2. Ta bakwai, mai ram GB 8, ita ce ta zanen kati. Dukansu Windows 10 ke kansu, tare da Office 2016, ta zanen kuma da CorelDRAW. Babu ko ɗaya mai lasisi. Haka ake sayen irinsu: mai sayarwa ya loda komai kafin ya miƙo, ba mai tambayar daga ina.

Damuwar shagon ta girmi maganar daina tallafa wa Windows 10 da ta zo daga baya. Kowane kwastoma da filas ɗinsa yake zuwa, kuma yawancinsu sun zaga shaguna goma kafin su iso. Bairos ɗin da ya fi addabar su shi ne mai ɓoye fayilolin mutum ya bar masa gumaka na bogi, da ka danna ya bazu. Duk wata biyu ko uku sai an yi wa wata kwamfuta fomat: a biya mai gyara, a yi asarar wuni guda, wani lokaci har da takardar da kwastoma ya bari ajiya. An gwada manhajojin rigakafi na kyauta, sai suka cinye ɗan ram ɗin da ke akwai, injin ya koma tafiyar hawainiya.

Ana cikin haka sanarwa ta fara cika fuskar kwamfutocin cewa Microsoft zai daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ranar da Office 2016 da 2019 su ma wa'adinsu zai cika. Injin ba zai mutu ranar ba, amma facin tsaro ya ƙare. Windows 11 kuwa tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da kuma, a ɓangaren Intel, injin ƙarni na takwas zuwa sama. Babu kwamfutar shagon da ta cika sharaɗin. A lokacin akwai tsarin ƙarin wa'adi, dala 30 na shekara guda ga mutum ɗaya, dala 61 kowane inji a shekarar farko ga 'yan kasuwa, amma wannan na mai Windows ta halal ne. Sauya inji bakwai a lokaci ɗaya kuwa, da farashin dala bayan sakin naira a 2023, ga kuɗin man janareta tun da aka cire tallafi, mai shagon bai ma tsaya lissafawa ba.

## Yuni zuwa Yuli 2025: Windows 11 da ƙarfin tsiya

Shawarar farko daga wani mai gyara ta fito. Da manhajar Rufus ana iya shirya filas ɗin Windows 11 da zai tsallake binciken TPM da na ƙarnin inji. Aka ba shi kwamfuta uku bayan Babbar Sallah.

Biyu sun karɓa. Core 2 Duo ɗin ko tashi ba ta yi ba, domin sigar 24H2 tana buƙatar wasu umarnai a ƙwaƙwalwar inji waɗanda wannan tsohuwar ƙira ba ta da su, kuma wannan ba abin da dabara ke tsallakewa ba ne. Biyun da suka karɓa sun yi nauyi: daga kunnawa zuwa buɗe Word sai an yi kusan minti huɗu, faifan yana ta ƙara. Wuta a Agege ba ta da alƙawari, kowace ɗaukewa na nufin sake wannan jiran, kwastoma yana tsaye. Bairos ɗin filas bai san an canja komai ba, cikin wata guda ya kama ɗaya. Shi kansa Microsoft ya bayyana cewa injin da aka ɗora wa Windows 11 ta bayan gida ba shi da tabbacin samun sabuntawa. A ƙarshen Yuli aka mayar da su Windows 10.

## Agusta 2025: Ubuntu a kwana biyu

Ɗan ƙanwar mai shagon ya daɗe yana amfani da Linux a tasa kwamfutar. Ya yi wa kawunsa bayani: babbar manhaja ce kamar Windows, wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, tushenta a buɗe yake, kowa na da izinin ya kwafa, ya raba, ya gyara, a kan cibiyarta aka gina Android ɗin da ke aljihun kowa. Abin da ya shiga kunnen mai shagon shi ne babu kuɗin lasisi kuma bairos ɗin Windows ba ya aiki a kanta.

"Kawu, ka ba ni Asabar da Lahadi kawai," in ji shi. Aka ba shi.

Ya zaɓi Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, wadda kamfanin Canonical ya fitar a Afrilu 2024, ya ɗora ta a kan duka bakwai ɗin, har da ta zane. Fayil ɗin saukarwa kusan GB 6 ne. Zaɓin da ta fara miƙowa wajen girkawa ba ya zuwa da manhajar ofis, don haka sai da aka sauke LibreOffice a kowane inji daban, data ta ƙare kafin a gama.

Litinin da safe Malam ya zauna bai ga maɓallin farawa irin na Windows a kusurwar hagu ta ƙasa ba, inda hannunsa ya saba zuwa shekara da shekaru. Wannan ƙarami ne. Babbar matsalar takardun kwastomomi ce. Wani ya turo yarjejeniyar haya mai shafi biyu ta WhatsApp, da aka buɗe ta zama shafi biyu da layi uku, wurin sa hannun shaidu ya gangara shafi na uku shi kaɗai. Takardun Larabcin Malam na shekarun baya sun buɗe da wani salon harafi daban, maɓallin juya rubutu daga dama zuwa hagu kuma ya ɓace. Cikin firinta uku, ɗaya ce ta amsa nan take. Mai zane ta tarar babu CorelDRAW, don kamfanin ba ya yin na Linux. Aka gwada tayar da shi ta Wine, manhajar da ke ɗaukar wasu shirye-shiryen Windows, ya ƙi tsayawa. Ga katin ɗaurin aure na ranar Juma'a yana jira. Teburin GNOME, wato fuskar aikin da Ubuntu ke zuwa da ita, kuma ya yi wa masu ram GB 4 da tsohon faifai nauyi.

Ranar Laraba Malam ya ce, "Alhaji, in wannan ne aikin, a sallame ni in koma gida." Kafin Juma'a aka kira mai gyara ya mayar da Windows a kan shida. Ɗaya aka bari a ɗakin ciki, ita ma don mai gyaran ya gaji ne.

## Satumba 2025: littafin ƙidayar aiki

Ba a canja babbar manhajar kowane inji ba a wannan watan. Mai shagon ya ajiye littafi mai layi a kan kanta, ya ce duk aikin da ya shigo a rubuta shi: mene ne, da wace manhaja aka yi, a wane irin fayil ya zo, a wane iri ya fita. Dabarar ɗan kasuwa ce, ba ta masanin kwamfuta ba, shi dai yana son ya san me ya yi asara a makon Ubuntu.

Bayan mako huɗu littafin ya nuna cewa mafi yawan aikin bugun takarda ne daga farko, wanda ke fita a kan farar takarda ko PDF, sai cike fom a intanet da buga abin da aka turo ta WhatsApp. Waɗannan ba ruwansu da wace babbar manhaja ke ƙasa. Takardun Word da ake kawowa a gyara a mayar su ne rukuni na biyu. Aikin da lalle sai Windows kaɗan ne a ƙidaya, amma shi ya fi kawo kuɗi: kati, kalanda, allon talla.

A watan ne kuma aka ɗora LibreOffice da burauzar Firefox a kan Windows ɗin da kowa ya saba, aka roƙi Malam ya riƙa buga sabbin takardu da Writer, takwarar Word a cikin LibreOffice, Word na gefe idan ya maƙale. LibreOffice ta samo asali ne a 2010 daga OpenOffice, gidauniyar The Document Foundation ke kula da ita, kuma iri ɗaya ce a Windows da Linux. Ya yi gunaguni mako guda, daga baya ya daina ambata.

## Oktoba zuwa Nuwamba 2025: Linux Mint, inji ɗaya bayan ɗaya

Wannan karon Linux Mint 22.2 aka ɗauko, mai teburin Xfce. A kan Ubuntu 24.04 aka gina ta, tallafinta zai kai 2029, fayil ɗinta bai kai GB 3 ba, kuma da LibreOffice take zuwa. Maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Mafi ƙarancin ram da take nema GB 2 ne, saboda haka har tsohuwar Core 2 Duo ta samu shiga.

An fara da ɗakin koyarwa, inda kuskure ba ya korar kwastoma. Kowane inji, kafin a ɗora masa Mint, an cire tsohon faifansa an sa SSD, faifan ajiya mai sauri marar juyawa, mai GB 128 daga Computer Village, tsohon kuma aka ajiye shi a kabad da Windows ɗinsa, ko da za a koma. Wannan ne kaɗai kuɗin kayan da aka kashe.

Maganar zamewar shafi ta ɗauki lokaci kafin a gano bakin zarenta, alhali dalilin ba shi da zurfi. Tun daga Office 2007 yawancin takardun Word da salon harafin Calibri ake rubuta su, shi kuwa mallakar Microsoft ne, ba ya cikin Linux. Idan Writer bai same shi ba sai ya ɗauko wani mai faɗi daban, layuka su ƙaru, shafi ya zube. Akwai salo na kyauta da aka yi daidai da faɗinsa harafi da harafi, sunansa Carlito. Caladea na tsaya wa Cambria, dangin Liberation kuma na tsaya wa Times New Roman da Arial. Da aka girka su, yarjejeniyar hayar nan ta koma shafi biyu cif. Aka saita Writer ya riƙa ajiya a docx, tsarin fayil ɗin Word, kai tsaye, aka kuma kafa doka: duk abin da ba gyara shi za a yi a wani wuri ba, a ba kwastoma PDF. Sabbin takardun da ke zuwa da Aptos, salon da Microsoft ya maye gurbin Calibri da shi, har yanzu suna ɗan zamewa, sai a daidaita da hannu.

Larabcin ma saiti ne. Sai an kunna zaɓin rubutu mai sarƙaƙiya a sashen harsuna kafin maɓallan dama zuwa hagu su fito. Aka sa salon Amiri, wanda aka zana bisa haruffan maɗaba'ar Bulaq ta Masar, da kuma Alkalami na ƙungiyar SIL, wanda aka yi shi kan rubutun ajami irin na Kano. Ranar da Malam ya ga baitin waƙar ajami ya fito daga firinta da kamannin rubutun allo, ya buga kwafi biyu, ɗaya ya kai wa limamin masallacinsu. Aka ƙara masa tsarin kibod na Hausa, ya daina rubuta ƙ da ɗ da ɓ da waƙafi a sama ko farautarsu cikin jerin alamomi. A nan sai a yi adalci: waɗannan salon haruffa suna aiki a Windows, ita ma tana da kibod ɗin Hausa. Ba wanda ya taɓa nema ne sai da canjin ya tilasta.

Firintar HP ba ta ba da wahala ba, direbobinta na HPLIP, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, suna cikin Mint. Mai kala mai tankin tawada sai da aka sauko da direba daga shafin kamfaninta. Ta ukun, ƙaramar lesa tsohuwar yayi, an yi ta fama: ta buga yau, gobe ta yi shiru. Aka haƙura da ita. Sauran biyun aka raba su ta wayar sadarwar shagon, kowane inji na iya aika bugu.

An yi wasu ƙananan gyare-gyare da suka rage ciwon kai. Yara suna shiga da asusun da ba shi da ikon girka komai. Timeshift na ɗaukar hoton tsarin inji duk mako, idan sabuntawa ta ɓata wani abu a koma baya cikin mintuna. Inji ɗaya ke sauko da sabuntawa da dare lokacin da data ke araha, sauran su ɗiba daga gare shi. Klavaro ya maye gurbin manhajar koyon bugu. WhatsApp ba shi da manhajar Linux, ta burauza ake buɗe shi, kuma hakan ya wadatar.

Filas mai bairos ya zama abin dariya. A Mint gumakan bogin ba sa tashi, fayilolin da aka ɓoye kuma suna bayyana a fili. Sai a kwashe na kirki, a goge sauran. Mutane suka fara zuwa musamman don wannan, har mai shagon ya yanka masa farashi.

Injin Malam ne na ƙarshe, a tsakiyar Nuwamba. Ya tarar da Writer ɗin da ya riga ya saba da shi tun Satumba.

## Abin da ya ƙi

Zanen kati bai koma ba. Mai zanen ta koyi Inkscape, manhajar zane da ke aiki a Linux, daidai gwargwado, tana iya buɗe wasu tsofaffin fayilolin CorelDRAW da shi, amma ba ya ajiya a wannan tsarin, masu injin bugu na Shomolu kuwa fayil ɗin CorelDRAW suka saba karɓa don su taɓa shi da kansu. An gwada aika musu PDF na wani katin walima. Koren da ke sheƙi a fuskar kwamfuta ya fito a dushe, domin Inkscape da launin allo yake aiki, injin bugu kuma da tawada huɗu. Shagon ya biya kuɗin sake bugawa. Wata manhajar, Scribus, na iya wannan aikin launi, amma koyon manhaja biyu a tsakiyar kakar bukukuwan Disamba bai yiwu ba.

Wata makaranta kuma tana kawo takardar sakamakon ɗalibai ta Excel mai ƙananan shirye-shirye a ciki, waɗanda ke jera na ɗaya zuwa na ƙarshe da danna maɓalli. Calc, takwaran Excel a cikin LibreOffice, ya buɗe ta, maɓallin bai yi aiki ba. Ɗan ƙanwar mai shagon ya sake gina ta da lissafi zalla, makarantar ta ce ita tata take so.

Saboda haka injin zane ya zauna a Windows 10, aka zare masa intanet gaba ɗaya, aka jona masa firintar da ta ƙi. Filas ɗin kwastoma ba ya shiga jikinsa. Fayil sai ya bi ta injin Mint, sannan a ɗauke shi da filas guda na shagon mai jan zare a wuya.

A ɗakin koyarwa, cikin yara 14 uku sun daina zuwa. Mahaifin ɗaya ya faɗi dalili ba ɓoye-ɓoye: masu ɗaukar aiki a Ikeja Word da Excel suke tambaya, ba su san wani Writer ba. Ba a yi masa musu ba. Aka ware makonni biyu na ƙarshen kwas ana nuna wa yara Word da Excel na burauza, waɗanda Microsoft ke bayarwa kyauta ga mai asusu.

## Janairu 2026: inda aka tsaya da dalilansa

Inji shida na kan Mint, ɗaya na kan Windows ba intanet. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu ba a yi fomat ko ɗaya ba, ba a kira mai gyara ba. Tashin inji ya sauko ƙasa da rabin minti.

Wannan saurin yawancinsa na SSD ne, kuma da an sa shi tun a Yuni da Windows 11 ɗin ma ta yi dama-dama. Abin da za a jingina wa Linux kai tsaye shi ne mutuwar matsalar filas, samun facin tsaro har 2029 a kan injinan da aka ce sun tsufa, da fita daga amfani da kayan sata a inji shida. Malam ya fi kowa jin daɗin na ƙarshen, don ya sha cewa haƙƙin mutane ne ko da masu shi suna Amurka.

Faɗuwar Agusta ba laifin Ubuntu ba ce. Mint 'yarta ce ta wajen gini, kuma duk gyaran da aka yi a Oktoba zai yiwu a kanta. An canja babbar manhaja da manhajar ofis da fuskar tebur a rana ɗaya, a kan kowane inji, ba hanyar komawa, kuma wanda ya yi canjin da aikinsa ya auna, ba da na Malam ko na mai zane ba. Shi burauza da rubutun shirye-shirye yake yi, bai taɓa buga yarjejeniyar da dole wurin sa hannu ya zauna a shafi na biyu ba. Littafin Satumba ne ya raba aikin da ke ƙarewa a cikin shago da wanda zai fita ya haɗu da kwamfutar wani. Na farkon ya koma Linux ba gardama. Na biyun, inda ya tsaya ga salon harafi an gyara. Inda ya dogara da abin da Shomolu ko makaranta za su karɓa, ba a shagon hukuncin yake ba, kuma barin inji ɗaya a Windows ya fi arha a kan jayayya da su.

Abu biyu na nan a buɗe. CorelDRAW ɗin injin zane har yau ba shi da lasisi, mai shagon ya ce zai saya idan kasuwar bayan azumi ta yi kyau. Na biyu, duk sanin Mint ɗin a kan mutum ɗaya yake, ɗan ƙanwar mai shagon, kuma yana jiran kiran bautar ƙasa. Masu gyaran da shagon ya saba da su a Ikeja, da an kai musu inji Windows za su mayar masa. Ya fara rubuta matakai cikin Hausa a bayan littafin ƙidayar nan, daga girka firinta zuwa komawa baya da Timeshift, kuma ranar Asabar mai zanen ce ke yin sabuntawa yana zaune a gefe, ba ya taɓa kibod sai ta tambaya.